Shekarar da Iya ta Raba Mana Kududdufin Kwaɗi

Ku 'ya'yana da jikokina, kun taso kun tarar ni da Yaya Modu ba ma ga maciji da juna, kuma na san abin da aka gaya muku, wai rabon gado ne. Na ji wannan magana a bakin mutanen da ko ƙofar gidanmu na Nguru ba su sani ba, har da masu rantsuwa cewa a gabansu aka yi. To ba gado ba ne. Da gado ne da bakina ya fi sauƙin buɗuwa, domin faɗan gado kowa ya san shi, ba a yi wa mai shi dariya. Mu a kan kwaɗi muka ɓata, ni da yayana uwa ɗaya uba ɗaya, muna manya kowa da 'ya'yansa. Ku yi dariyarku ku gama, sannan ku gyara zama.

Babanmu gishiri da kanwa yake sayarwa. Sitonsa na bayan gida, cike da manda, baƙin gishirin nan, da kantun gishiri da kanwa ungurnu, ana lodawa a jirgin ƙasa ana kaiwa kudu. Mutum ne mai tsantseni a kan kaya. Ka'idarsa ɗaya ce, kullum kuma sai ya maimaita wa Yaya Modu da yake koya masa sana'ar: kaya mai kyau shi ne wanda in ka ɗebi na sama ka ɗebi na ƙasa ba za ka ga bambanci ba. Ni kuwa tun ina ƙarama baki ne da ni. Iya, mahaifiyarmu, ba ta kirana Falmata sai in na yi laifi, sauran lokaci Me-ya-sa take ce mini. Wata rana na ishi Baba da tambayar me ya sa gishiri ke ƙyalli, sai ya ciro ɗan madubin nan na masu gyaran agogo, ya barbaɗa farin gishiri a kan baƙin ƙyalle, ya ce in duba. Na duba na ga kowace ƙwaya kamar ɗan bulo, gefe a miƙe, kusurwa a tsaye. Ya sa bayan cokali ya murƙushe ɗaya. Na sake dubawa, sai ga ƙananan bulo sun fito daga cikin babban.

Na ce, "Baba, wa ya yanka su haka?"

Ya ce, "Allah."

Na ce, "Da me?"

Ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce wannan kam sai in je in tambayi malaman boko.

Na kuwa tambaye su, ko da yake sai da na kai makarantar horon malamai na sami amsa. Ashe gishiri ƙwayoyin zarra ne iri biyu, ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, sun jeru wannan kusa da wancan, wancan kusa da wannan, gaba da gefe da sama, kamar masallata a sahu. Sahun nan ne ke ta maimaita kansa har ya kai girman da ido zai gani, shi ya sa ƙirar da ke waje ita ce jerin da ke ciki, in ka fasa shi kuma a kan sahu yake tsagewa. Da na fara koyar da kimiyya a Gashua, inda aure ya kai ni, nakan narka alif, wanda ake sa wa ruwa dattinsa ya kwanta, mu rataya zare a cikin kwalba ni da ɗalibaina. Bayan kwanaki sai ga shi ya tsiro a jikin zaren, mai tsini sama da ƙasa, ba irin na gishiri ba, domin nasa sahun daban ne. Na kai wa Baba ɗaya kafin ya rasu, na yi masa bayani. Ya juya shi a tafin hannu ya ce, "Ashe sahu ne. Shi ya sa baƙo ke ɓata shi." A lokacin ni ma na yarda cewa komai na duniya haka yake, mai kyansa shi ne wanda ya zama bai ɗaya.

Bayan rasuwar Baba sana'ar ta yi sanyi. Jirgi ya daina zuwa yadda ya saba, gishirin leda ya cika kasuwa. Yaya Modu mutum ne mai zuciya, ba ya iya zaman banza. Ya je Dagona sayen kifi ya ga masu kama burduddugi, babban kwaɗon nan da ake ci, suna ƙyafe shi suna cika buhuna, motoci na kwasa zuwa kudu. Ya dawo ya ce shi ba zai bi fadama yana tsoma ƙafa a laka ba, kiwonsu zai yi kamar kaji. Ya haƙa kududdufi a filin bayan sito, ya shafe da siminti, ya zagaye da katanga. Iya ta ce ɗanta ya haukace. Maƙwabta suka kai maganar gaban malamai, wani ya ce halal, wani ya ce a'a, Yaya Modu ya riƙe fatawar da ta yi masa daɗi. Ya samo 'yan ƙalilan daga tafki ɗaya a Dagona, manya masu duhun baya. Ya rataya fitila a saman ruwan don ƙwari su taru, yana ƙara musu da tsutsa. Duk shekara sai ya zauna ya tantance su yadda Baba ke tantance kanwa: manya masu kama da juna su zauna su hayayyafa, duk wanda ya fita daban a ƙyafe shi a sayar. Shekarun farko abin ya yi albarka, har Iya ta daina toshe hanci in za ta wuce.

Wata ziyara da na zo, ya ja ni bayan sito yana murmushi.

Ya ce, "Malama, zo ki ga gishiri mai tsalle. Ɗebi na sama ki ɗebi na ƙasa."

Gaskiya ne kuwa, kamar an buga su a injin bulo. Na yaba masa, da zuciya ɗaya. Amma tun daga ranar kwaɗi suka shiga kaina suka ƙi fita.

Babanku Malam Saleh Babade ne, ɗan Katuzu, ya tashi a fadama. Ranakun da babu makaranta yakan ɗauke ni a mashin mu je gonarsa ta shinkafa. Da can hira nake zuwa yi da matan gidansu, sai na koma bin masunta ina leƙa kwandunansu. Babanku ya ce ya auro malama an musanya masa da shamuwa. Abin da na gani ya ɗaure mini kai. Burduddugi ne duka, amma wannan bayansa dabbare-dabbare, wancan da zane a tsakiya, wani ƙafarsa doguwa, wani gajere mai faɗin kai. Da magariba in sun fara kuka, in ka kasa kunne, ba murya ɗaya ba ce. Na koma littattafaina. Kowane mai rai yana ɗauke da ƙwayoyin gado, rabi daga uwa rabi daga uba, su ke faɗa wa jiki yadda zai kasance. A babbar fadama iyaye suna da yawa, don haka gadon ma kala-kala ne. In cuta ta zo, ko zafi, ko ruwa ya janye da wuri, ba za su tarar da kowa da rauni iri ɗaya ba, wani zai faɗi wani zai tsaya. Nan na gane inda ka'idar Baba ta tsaya. Gishiri ba ya haihuwa, ba ya kuma rashin lafiya, shi ya sa zama bai ɗaya ba ya cutar da shi. Kwaɗin Yaya Modu kuwa duk jikokin 'yan ƙalilan ɗin nan ne na Dagona, wa yana hawan ƙanwa shekara da shekaru.

Farkon daminar shekarar da nake ba ku labari, na je Nguru na tarar ƙwan da kwaɗin Yaya Modu suka zuba da yawa ya yi fari ya lalace, talibambam ɗin da suka ƙyanƙyashe kuma wasu wutsiyarsu a karkace. Ruwa ba ya tsami banza. Na faɗa masa a gaban Iya, muna cin dambu a tsakar gida.

Na ce, "Yaya, kwaɗinka sun yi kusa da juna da yawa. Ka kawo baƙi daga wasu tafkuna ka gauraya."

Ya ajiye cokali. "In gauraya? Shekara nawa ina tsince tarkace, ki ce in kwaso shi da hannuna in zuba? Kin taɓa ganin Baba ya zuba manda a cikin farin gishiri?"

"Gishiri ba shi da uwa da uba, Yaya."

"Ke dai boko ya cika miki kai. Ni da ido nake aiki."

"Ni ma da idon na ga wutsiya a karkace."

Iya ta bar mu muka yi ta yi har dambu ya huce. Sannan ta ce ita ta gaji, tun muna yara haka take raba mana ƙosai, yau ma haka za ta yi. A kira magini ya ja katanga a tsakiyar kududdufin, a ɗora zana a sama don kada su tsallaka. Gabas na Modu, yamma na Me-ya-sa. Kowa ya zuba abin da ya ga dama, shekara ta zagayo a gani, gani ya kori ji. Yaya Modu bai so ba, amma ba ya ƙetare maganar Iya.

Daminar nan ban taɓa jin daɗin wata kamarta ba. Ni da babanku muka bi tafkuna da jarkoki a bayan mashin. Muka ɗebo talibambam a Katuzu, muka ɗebo a bakin kogin Gashua, muka je har wani tafki a hanyar Machina da ke ƙafewa da wuri. Wani Bafulatani da ke shayar da shanu a wurin ya tsaya yana kallona, malamar makaranta da zane a ɗage tana bin 'ya'yan kwaɗi da ƙwarya, ya tambayi babanku a hankali ko magani aka ce a haɗa mini. Muka kai su Nguru muka juye a yamma. Da suka yi ƙafa suka zama kwaɗi, ba biyu da suka yi kama. Yaya Modu ya raɗa musu 'yan tasha. Da yake ni ina Gashua, shi ke ciyar da ɓangarorin biyu, kuma ban taɓa samunsa da tauye wa nawa ba, wannan shaida ce da zan ba shi har gaban Allah. Sai dai komar kamu ɗaya yake sa wa ko'ina, bokiti ma ɗaya, kuma daga ni har shi ba wanda ya kawo komai a ransa.

Bazara ta zo da zafin da har kaji ke buɗe baki. Ruwan kududdufin ya ja baya ya yi ɗumi. Ranar wata Alhamis ina aji aka ce ana kirana a waya, Yagana ce, matar Yaya Modu, ta ce in zo. Kafin in shiga gida wari ya tare ni a zaure. Cuta ce ta shiga, ƙafafunsu da cikinsu su yi ja, su daina tsalle, su kumbura su taso saman ruwa. A gabas ta share su kaf cikin 'yan kwanaki, kamar an yi shara. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, ta tsallaka yamma ta kashe fiye da rabi. Amma sauran suna nan zaune a gefen siminti suna ƙifta ido, ko a jikinsu. Ku kun san halina. Na tsuguna ina kallonsu, ina son in gane na wane tafki ne suka tsira, na Katuzu ne ko na hanyar Machina, me ke jikinsu da babu a jikin 'yan'uwansu. Yaya Modu yana tsaye a bayana da shebur, aikin shekarunsa yana ruɓewa a cikin baro.

Ya ce, "Kallo kike yi."

Na miƙe na ce, "Yaya, Allah ya mayar da alheri."

Ya ce, "Kafin ki kawo 'yan tasharki ban san ja a ƙafar kwaɗo ba. Ke kika kawo mini ita a jarka. Naki sun saba da ita, shi ya sa suke zaune."

Maganarsa ta tsaya mini a rai, domin ba maganar banza ba ce. Na je wurin wani likitan dabbobi a Gashua na kwashe komai na faɗa masa. Ya ce ƙwayar irin wannan cuta takan zauna a kowane ruwa ba ta yin komai, sai zafi da cunkoso sun raunana dabba ta samu hanya. Ya ce kuma takan zo da baƙi daga waje. Na ce to wanne ne a nan? Ya ce tun da an riga an binne su an kuma zubar da ruwan, ba mai iya faɗa mini, ko shi ko wanda ya fi shi.

Da na koma Nguru, Iya ta kira ni ɗakinta ta sa na sakaya ƙofa. Ta ce Modu ba ya cin abinci, ba ya fita, mutane na nuna shi a masallaci. Ta ce namiji in ya faɗi yana son ya san abin da ya kayar da shi, kuma gara a ce ƙanwarsa ce da a ce hannunsa ne.

Ta ce, "Ki je ki ce ke ce. Ki ce Yaya na gane ni na kawo, ka yafe mini. Magana ta mutu. Me zai ragu a jikinki?"

Na ce, "Iya, zan durƙusa in ba shi haƙuri a kan asararsa. Zan ce mai yiwuwa ni ce. Amma ba zan ce na sani ba, alhali ban sani ba."

"Mai yiwuwa ba ta sulhu, Falmata."

"In na ce ni ce, gobe zai sake haƙa rami ya zuba iri ɗaya, ya sake faɗuwa. Kuma ni da nake tsayawa gaban 'ya'yan mutane ina ce musu kada su faɗi abin da ba su tabbatar ba, da wane baki zan koma?"

Iya ta ce, "Me-ya-sa, wata rana tambaya za ta raba ki da kowa."

Na je na durƙusa wa Yaya Modu, na faɗi iyakar abin da zan iya faɗa. Ya saurara har na gama, ya ce in kwashe 'yan tashata kafin la'asar. Na ce na bar masa su ya sake farawa da su, ya ce ko kyauta ba ya so. Muka zuba su a durom, aka ɗora a bayan a-kori-kura, babanku ya sake su a fadamar Katuzu. Yaya Modu ya cike kududdufin da ƙasa ya koma dillancin awaki a kasuwa. Daga ranar in na shiga gidan sai ya fita. Sallah ta zo ta wuce, aka yi suna aka yi biki, Yagana ce ke zuwa ita kaɗai. Iya ta yi ta ƙoƙari har ƙarfinta ya ƙare. Ta rasu ba ta ga mun zauna a tabarma ɗaya ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi komai yi mini ciwo a rayuwata. Na yi kuka a kansa fiye da yadda kuka sani. Sau da yawa na tambayi kaina ko da na faɗi kalmar nan guda da ta roƙe ni, kuma duk lokacin da na auna sai in ga har yanzu ba zan iya ba. Ban ce ku yi koyi da ni ba. Na dai faɗa muku abin da na biya.

Sai bayan na yi ritaya, gwiwoyina sun fara ba ni labari, Yagana ta aiko cewa jikin Yaya Modu ya yi tsanani, kuma ya ambaci sunana. Babanku ya kai ni. Muka isa bayan la'asar, na tarar da shi a kishingiɗe a tsakar gida, ya rame har na kusa kasa gane shi. Na tsaya daga nesa na gaishe shi irin gaisuwar gidanmu, na ce wushe Yaya. Ya amsa. Yagana ta tashi ta shiga kicin ba don tana da aiki ba.

Ya ce, "Falmata, akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, har Iya. Bazarar da ta wuce kafin ki kawo naki, na tsinci wasu a mace a gefen ruwa. Ba yawa. Na ce zafi ne."

Na san abin da ya kamata in ji. Shekarun nan duka, da Iya, da komai. Amma wallahi abin da ya fito daga bakina daban ne.

Na ce, "Ƙafafunsu sun yi ja?"

Ya zuba mini ido. Sai ya fashe da dariya, dariyar ta koma tari, Yagana ta fito da gudu da kofin ruwa. Da ya samu numfashi ya goge idonsa da hannun riga.

Ya ce, "Shekara nawa ban yi miki magana ba, abin da za ki tambaye ni ke nan?"

Na ce, "To sun yi ja ko ba su yi ba?"

Ya ce, "Ban juya su ba. Na kwashe da shebur na zubar. Tun ranar da kika durƙusa nake son in tuna, na kasa." Sannan ya ce, "Ni ma ban sani ba, Falmata."

Ban taɓa jin kalmar da ta yi mini daɗi kamar wannan ba. Ya dafa ƙasa da ƙyar, ya ja jikinsa gefe guda, ya buga tabarmar da tafin hannu.

Ya ce, "Zo ki zauna. Ki yi mini bayanin nan na uwa da uba tun daga farko, a hankali. Wancan karon ban saurara ba."

Na cire takalmi na zauna.